Yadda Ake Shirya Zangon Musayar Ɗalibai a Suwidin, Tun Daga Ofishin Shugaban Sashe Har Dawowa Gida

Ɗalibin musaya yana nan a rajistar jami'arsa ta gida, kuma daga gare ta digirinsa zai fito. Abin da yake yi shi ne ya je wata jami'a a ƙetare ya yi zango ɗaya ko biyu, sannan ya dawo da sakamakon a lissafa masa cikin karatunsa. Wannan bambanci tsakaninsa da mai neman cikakken digiri a waje shi ne ginshiƙin duk shirin, domin daga gare shi ne ake gane ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da kuɗin da za a biya, da kuma wanda zai sa hannu a kan kowace takarda.

A ƙasashen Sikandinebiya uku, wato Suwidin da Norwe da Denmak, bambancin yana da nauyi a aljihu. Denmak ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai a 2006, Suwidin ta bi sahu a 2011, Norwe kuma ta yi hakan a 2023. Amma a dukkansu ɗalibin da ya zo ƙarƙashin yarjejeniyar musaya tsakanin jami'arsa da tasu ba ya biyan wannan kuɗi, sai dai ya ci gaba da biyan rajistarsa ta gida kamar yadda ya saba. Zan tsaya a kan Suwidin domin bayanin ya fito dalla-dalla, ko da yake yawancin matakan suna kama da na maƙwabtanta biyu.

Ƙofar tana jami'arka

Ba a neman gurbin musaya kai tsaye daga jami'ar Suwidin. Shafin intanet na ƙasa da ake neman gurbin karatu ta cikinsa na masu son cikakken digiri ne ko kwas mai zaman kansa, haka ma tallafin karatun digiri na biyu da cibiyar Swedish Institute ke bayarwa. Ɗalibin musaya jami'arsa ce take zaɓarsa ta aika sunansa, sai bayan nan jami'ar da za ta karɓe shi ta turo masa hanyar cike takardunta. Saboda haka matakin farko shi ne zuwa ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje, wanda a wasu wurare yake ƙarƙashin sashen tsare-tsaren karatu, a wasu kuma ƙarƙashin ofishin mataimakin shugaban jami'a. Ka tambaya ko akwai yarjejeniya mai rai da wata jami'a a Suwidin, ko ta shafi fanninka, ko ta shafi matakin da kake, da kuma yawan guraben da aka ware. Sau da yawa irin wannan yarjejeniya ta wani sashe ce shi kaɗai, ta samo asali daga binciken haɗin gwiwa tsakanin malamai biyu, don haka malamin da ya taɓa zuwa can yakan fi allon sanarwa sanin halin da ake ciki.

Babbar hanyar samun tallafi ita ce shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai. An kafa Erasmus a 1987 domin ɗaliban Turai, daga 2015 kuma aka buɗe wani reshe nasa ga jami'o'in sauran duniya, har da na Afirka. Jami'ar Turai ce take neman kuɗin, ta ƙulla yarjejeniya da takwararta ta Afirka, sannan a raba guraben. Ɗalibin da ya je Suwidin ko Norwe ko Denmak ta wannan hanya ana ba shi yuro 900 a wata, tare da gudummawar kuɗin jirgi gwargwadon nisan tafiya, kuma zaman yana iya kaiwa daga wata biyu zuwa wata goma sha biyu. Duk wanda ya ce zai samar maka irin wannan gurbi idan ka biya shi lada, alhali jami'arka ba ta san da maganar ba, ka kama kanka da kuɗinka.

Galibin jami'o'in Suwidin suna rufe karɓar takardun zangon kaka, mai farawa a wajajen ƙarshen Agusta, a wajajen watan Afrilu, na zangon bazara, mai farawa a Janairu, kuma a wajajen Oktoba, zaɓen cikin gida kuwa dole ya gabaci wannan da makonni. Wanda yake son tafiya a watan Agusta ya kamata ya fara motsi tun Janairu. Abubuwan da ake nema ba su da yawa: takardar sakamakon zangunan da ka kammala, kwafin fasfo, wasiƙar bayanin dalilin son zuwa, da shaidar iya Ingilishi. Wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Ingilishi ake koyar da kai, wasu kuma sai an kawo sakamakon IELTS ko TOEFL. Ɗaliban Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci su fi mai da hankali a nan, domin kwasa-kwasan da ake buɗe wa baƙi da Ingilishi ake yin su, kuma karatun yana da yawa.

Takardar da ta fi kowace muhimmanci

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ɗalibai suka fi yin asara. Kafin tafiya akwai yarjejeniyar karatu, wadda a tsarin Erasmus+ ake kira Learning Agreement, kuma ɓangarori uku ne suke sa hannu a kanta: ɗalibi, jami'arsa, da jami'ar da za ta karɓe shi. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can, a gefe guda kuma a jera waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Idan aka cike ta da gaggawa, aka sa hannu domin kawai a cika sharaɗi, ɗalibi yana iya dawowa da kyakkyawan sakamako sashensu ya ce bai san da zancen ba, ya tarar an rubuta masa bashin kwasa-kwasai, shekara guda ta ƙaru a kan karatunsa.

Sai an fahimci lissafin ɓangarorin biyu kafin a iya daidaita su. A Suwidin cikakken zango kiredit 30 ne, daidai da ma'aunin ECTS da Turai ke amfani da shi, zango kuma mako 20 ne, ke nan kowane mako na cikakken karatu, wanda suke ƙiyasta shi da awa 40, kiredit ɗaya da rabi ne. Ma'aunin nasu yana ƙirga dukkan lokacin da ɗalibi ya ɓata a kan kwas, har da karatunsa na ɗaki da rubuce-rubuce, namu na jami'o'in Najeriya kuwa ya dogara ne a kan awannin lacca a mako. Don haka kwas mai kiredit 7.5 a can yana iya zama daidai da kwas biyu masu kiredit biyu ko uku a nan, amma babu wata ƙa'ida guda da ta yanke hakan, sashenku ne zai yanke. Ɗaliban jami'o'in Nijar sun fi samun sauƙi, saboda tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) da suke bi shi ma kiredit 30 yake bai wa kowane zango.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka sauko da cikakken manhajar kowane kwas daga shafin jami'ar da za ka je, domin a Suwidin kowane kwas yana da rubutacciyar manhaja mai ɗauke da abin da za a koya da littattafai da yadda za a yi jarrabawa. Ka buga su, ka kai wa malamin da ke kula da ajinku da jami'in jarrabawa na sashe, ku zauna ku daidaita kwas da kwas. Bayan nan a samu amincewar shugaban sashe a rubuce, da hatimi, kuma idan dokar jami'arku ta ce sai maganar ta bi ta kwamitin tsangaya ko majalisar jami'a, a tabbatar ta bi kafin ka tashi. Shugaban sashe yana iya sauka kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema. A cikin wannan amincewa a rubuta yadda za a juya maki, domin jami'o'in Suwidin ba su da tsari ɗaya: wasu suna ba da A zuwa F, wasu makarantun injiniya suna ba da 3 da 4 da 5, wasu kuma mataki uku kawai gare su, faɗuwa da ci da ci mai daraja. Wanda zai dawo da "ci" kawai, alhali matsayin digirinsa yana rataye a kan lissafin maki, ya kamata ya san tun yanzu da wane harafi za a fassara masa shi.

Sai maganar kalanda. Zangon kaka yana farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ya ƙare tsakiyar Janairu, na bazara kuma daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Yuni. Waɗannan ranaku ba sa motsi. Kalandar jami'o'in gwamnati a Najeriya kuwa takan goce, kamar yadda yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya tura zanguna da dama daga mazauninsu, don haka zango ɗaya a can yana iya cin rabin zango biyu a gida. A ganina shekarar da ta fi dacewa ita ce ta kusa da ƙarshe, lokacin da ɗalibi ya riga ya ƙware a fanninsa amma bai shiga aikin binciken kammalawa ba. Wanda yake da zangon koyon aiki a masana'antu ko koyarwar gwaji ya duba kada tafiyar ta faɗa kansa.

Izinin zama da kuɗin da za a nuna

Karatun da ya wuce kwana 90 yana buƙatar izinin zama, bizar ziyara ba ta isa. Hukumar shige da fice ta Suwidin, Migrationsverket, ita ce take bayarwa, ana nema ta intanet, kuɗin neman kurona 1,500 ne a kuɗin Suwidin, kuma dole a samu izinin kafin a shiga ƙasar. Sharuɗɗan su ne fasfo mai sauran kwana, domin ba a ba da izinin da ya zarce wa'adin fasfo, da takardar shaidar an ɗauke ka cikakken karatu, da inshorar lafiya, da shaidar cewa za ka iya ciyar da kanka. Adadin da ake nema yana sauyawa kowace shekara: a 2024 kurona 10,314 ne a wata, a 2025 ya koma 10,584, wanda ke nufin a wannan shekarar zangon wata biyar ya buƙaci a nuna kurona 52,920. Wasiƙar tallafin karatu tana tsayawa a matsayin shaida, amma yuro 900 idan aka canza shi yana iya gazawa kaɗan ga wannan adadi, sai a cike giɓin da takardar banki. Asusun kuma ya kasance da sunanka, domin kuɗin da ke asusun mahaifi ko kawu ba a lissafa shi naka.

Bayan an tura takardu za a nemi ka je ofishin jakadanci ka nuna fasfo, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Suwidin tana da ofishin jakadanci a Abuja, mazauna wasu ƙasashe kuma su duba shafin hukumar su ga ofishin da aka ware musu, tunda wani lokaci sai an ƙetara iyaka. Amsa tana iya ɗaukar watanni, musamman tsakanin Mayu da Agusta da takardu suke yin yawa, don haka ranar da wasiƙar ɗauka ta iso, a ranar ya kamata a tura neman izini. Kada a sayi tikitin da ba a iya sauya masa rana kafin izini ya fito.

Game da inshora, jami'o'in gwamnati suna sanya ɗaliban musaya cikin wata inshora ta hukumar Kammarkollegiet, wadda take ɗaukar nauyin jinyar gaggawa. Ka nemi takardarta ka karanta iyakarta, domin ba ta ɗaukar ciwon da ake bibiya tun daga gida. Mai shan magani na dindindin, kamar mai sikila ko asma ko ciwon suga, ya tafi da abin da zai ishe shi tare da wasiƙar likita da Ingilishi, mai sikila kuma ya tattauna da likitansa a kan sanyi tun kafin ya karɓi gurbin.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu zango ɗaya ba. Lambar shaidar mazauni da hukumar haraji ta Skatteverket ke bayarwa sai wanda zai zauna shekara guda ko fiye yake samunta, kuma da ita ake buɗe yawancin ƙofofi, har da manhajar biyan kuɗi ta Swish da kowa ke amfani da ita. Ga shi kuma ƙasar ta kusa daina amfani da tsabar kuɗi, shaguna da motocin haya da yawa kati kawai suke karɓa. Ke nan kana buƙatar katin banki da ka tabbatar yana aiki a ƙetare, wanda ga ɗan Najeriya yawanci yana nufin katin asusun dala, kuma ka gwada shi kafin ka tashi. Tallafin ma ba a cika biyansa duka kafin tafiya ba, don haka kuɗin hayar wata na farko da na jingina da na cefanen makonnin farko su kasance a hannunka. Kada ka gina kasafinka a kan aikin da za ka samu a can, domin aikin wucin gadi yana wuya ga wanda ba ya jin yaren kuma wata biyar kawai zai yi.

Masauki da kayan tafiya

Ɗakin haya yana ƙaranci ƙwarai a Stockholm da Uppsala da Lund da Gothenburg, musamman a farkon zangon kaka. Jami'o'i da yawa suna ware ɗakuna domin ɗaliban musaya, kuma wanda ya riga nema shi yake samu, saboda haka ka cike takardar masauki a ranar da aka buɗe ta. Idan ba ka samu ba ka koma neman na 'yan kasuwa a Facebook ko shafukan talla, kada ka tura wa kowa kuɗi a kan ɗakin da babu wanda ka amince da shi da ya gani da idonsa.

Masaukin da aka fi bai wa baƙi shi ne ɗaki a dogon baranda, kowa da ɗakinsa da makullinsa, sau da yawa da banɗakinsa, amma kicin ɗaya ne ga mutum takwas ko goma ko fiye, maza da mata a haɗe. Ya kamata ɗaliba da iyayenta su san wannan tun farko, idan kuma tana son ɗaki mai kicin nasa, ta rubuta a takardar nema ta kuma shirya biyan ƙari. A kicin na haɗaka za ka ga naman alade da giya a firji, mafita ita ce ka sayi tukunyarka da kaskonka da wuƙarka, ka riƙe shiryayyen wurinka. Wanki kuma a ɗakin injuna na gidan ake yi, ana kama lokaci tun da wuri, shiga lokacin wani kuwa yana daga cikin abubuwan da suke ɓata zaman maƙwabtaka a can.

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga wajen tarayyar. Ke nan kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda su ne abin da uwa za ta fara tunanin ƙullawa, ba sa shiga, za a ƙwace su a filin jirgi. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji sun fi sauƙin wucewa, amma a duba shafin hukumar kwastan ta Suwidin kafin a ɗaure jaka. Ka saka buta a kayanka, domin banɗakunansu takarda ake ajiyewa. Kayan sanyi masu nauyi kuwa gara a saya a can, a shagunan gwanjo irin su Myrorna da Erikshjälpen, inda ake samun babbar riga mai tare iska da takalmi mai kaurin ƙasa a farashi mai sauƙi. Dabarar ita ce sa kaya hawa-hawa, na ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje, saboda cikin gine-gine da ɗumi, kana shiga za ka so ka rage.

Yadda ake karatun

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin lacca. A fannoni da yawa ana yin kwas ɗaya ne a lokaci guda, a gama mai kiredit 7.5 cikin mako biyar, a yi jarrabawarsa, sannan a shiga na gaba. Jadawalin mako yana iya nuna awa shida ko takwas kacal a aji, sauran awannin an bar maka su ne domin karanta littattafan da aka jera. Wanda ya saba jira sai jarrabawa ta matso ya haɗa takardun lacca ya haddace zai farga mako na huɗu ya zo bai buɗe littafi ba. Ka fara karatu a ranar farko, ka kuma ɗauki zaman tattaunawa na ƙananan rukuni da muhimmanci, domin halartarsa wajibi ce a kwasa-kwasai da yawa kuma ana sa ran kowa ya yi magana.

Ɗalibai suna kiran malami da sunansa na yanka, ko da farfesa ne mai furfura, al'adar da ta kafu tun ƙarshen shekarun 1960. Wannan zai yi wa wanda ya tashi da rusunawa gaban malam nauyi a baki, kuma babu laifi idan ka ɗauki kwanaki kafin ka saba. Girmamawar da suke ganewa ita ce zuwa a kan lokaci, miƙa aiki a ranar da aka sa, da faɗin ra'ayinka da hujja ko da ya saɓa wa na malamin. A tsofaffin jami'o'i biyu, Uppsala da aka kafa a 1477 da Lund da aka kafa a 1666, akwai al'adar fara lacca minti 15 bayan awar da aka rubuta, amma wannan ba ta shafi jarrabawa ba.

Kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da ake kai wa kwamitin ladabtarwa, ana bincika ayyuka da manhajar gano kwafe, hukuncin kuma yana iya kaiwa dakatarwa har wata shida, wanda ga ɗalibin zango ɗaya ya cinye tafiyar gaba ɗaya. Wanda ya faɗi jarrabawa yana da damar sake ta bayan wasu makonni, sai dai ta kwas na ƙarshe tana iya faɗowa bayan ka koma gida, don haka shi ne kwas ɗin da ba ya son sakaci. Mai bincike a kan Afirka da ya samu kansa a Uppsala kada ya bar garin bai shiga ɗakin karatun cibiyar nazarin Afirka ta ƙasashen arewacin Turai ba, wadda take can tun 1962.

Duhu, ibada da mutane

Sanyi yana da magani, duhu ne ya fi cin rai. A tsakiyar Disamba rana tana fitowa a Stockholm wajen ƙarfe tara saura kwata ta faɗi kafin ƙarfe uku, wato yinin awa shida, a Umeå bai kai awa biyar ba, a Kiruna can arewa kuwa rana ba ta leƙowa sam na wasu makonni. Mutumin da ya tashi inda yini da dare suke kusan daidai duk shekara zai ji kasala da yawan barci da ƙuncin da bai san dalilinsa ba. Ka riƙa fita da tsakar rana ko da na rabin awa ne, ka tambayi mai kantin magani game da sinadarin bitamin D, ka maƙala abin ƙyalli a rigarka domin direbobi su gan ka, idan kuma ƙuncin ya daɗe ka je cibiyar lafiyar ɗalibai ta jami'a. Lambar neman shawarar lafiya 1177 ce, ta gaggawa kuma 112. Da sauƙi ɗaya dai: a lokacin sanyi agogon Suwidin daidai yake da na Najeriya da Nijar, a lokacin zafi kuma yana gaba da awa ɗaya, don haka kiran gida ba ya buƙatar lissafi.

Saboda wannan ne nake fifita zangon da ke farawa a Janairu ga wanda kalandarsa ta ba shi zaɓi. Zai sauka cikin tsananin sanyi, amma kowace rana haske yana ƙaruwa har ya kai yinin sama da awa 18 a watan Yuni, ɗaki kuma ya fi samuwa. Ga mai azumi akwai ƙarin dalili: Ramadan ya faɗo cikin Maris a 2025, yana kuma ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a shekarun nan azumin yana zuwa ne lokacin da yini bai yi tsawo ba.

Lokutan salla suna buƙatar shiri. A Disamba azahar da la'asar da magariba suna matsewa cikin awa uku zuwa huɗu, daidai lokacin lacca, a wajajen watan Yuni kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, lokacin isha da asuba sai an ƙaddara. Malamai sun yi fatawoyi a kan haka, ka tambayi malaminka kafin ka tafi, sannan ka bi jadawalin masallacin garin da kake. Akwai babban masallaci a unguwar Södermalm ta Stockholm da aka buɗe a 2000, na Uppsala tun 1995, na Malmö tun 1984, jami'o'i da yawa kuma suna da ɗakin da aka keɓe domin ibada da natsuwa. Ɗalibai Kirista za su samu majami'u masu yin sujada da Ingilishi a manyan garuruwa. Naman halal ana samunsa a shagunan Larabawa da Somaliyawa da Turkawa, a manyan kantuna kuma ka koyi kalmomi uku da za ka riƙa dubawa a jikin kaya, fläsk da gris da skinka, dukkansu alade suke nufi. Miyar wake da ake yi ranar Alhamis bisa al'ada ma yawanci da shi ake dafa ta.

Iyaye za su tuna ƙona Alƙur'ani da wasu mutane suka yi a Stockholm a 2023, kuma damuwarsu tana kan hanya. Abin ya faru, kuma baƙar fata ko mai hijabi yana iya haɗuwa da kallon raini ko baƙar magana. Haka kuma dokar ƙasar ta haramta nuna bambanci saboda addini ko asali, ta ɗora wa jami'o'i alhakin bincika duk ƙorafi, kuma mata suna zuwa aji da hijabinsu. Idan wani abu ya same ka, ka rubuta rana da wuri da abin da aka ce, ka kai wa ofishin ɗaliban ƙetare ko ƙungiyar ɗalibai.

Mutanen Suwidin ba su da doguwar gaisuwa, maƙwabci yana iya wuce ka da kalma ɗaya, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an yi alkawari. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya. Hanyar shiga cikinsu ita ce fika, zaman shan gahawa da ɗan burodi mai zaƙi da suke yi a tsakiyar aiki, wanda ba ya buƙatar giya kuma ba a ƙin gayyatarsa. A Uppsala da Lund akwai tsofaffin ƙungiyoyin ɗalibai da suke kira nation, guda 13 a kowane gari, suna da mashaya, amma suna kuma da abincin rana mai rahusa da wasanni da ɗakunan karatu, sai ka zaɓi abin da ya dace da kai. Idan aka gayyace ka gida, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ka saba.

Kafin ka kamo hanyar gida

Duk wani sauyin kwas da ya faru bayan ka isa, saboda karon jadawali ko soke wani kwas, a shigar da shi cikin yarjejeniyar karatu a makonnin farko, shugaban sashenku ya sake sa hannu ta imel. Izinin zamanka yana ba ka damar ziyartar sauran ƙasashen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har kwana 90 cikin kowane 180, amma ranar ƙarewarsa ita ce ranar da ya kamata ka riga ka fita, domin zarce wa'adi yana ɓata sunanka a duk neman biza na gaba, yana kuma sa jami'ar ta yi ɗari-ɗari da waɗanda za su biyo bayanka.

Malamai suna da makonni kaɗan na duba jarrabawa, don haka sakamakon kwas na ƙarshe yakan fito bayan ka tafi. Kafin asusunka na jami'ar ya rufe, ka koyi yadda ake ciro takardar sakamako daga Ladok, rumbun bayanan ɗalibai na jami'o'in Suwidin, ka tambayi ofishin ɗaliban ƙetare ko za su aika wa jami'arka mai hatimi, ka karɓi takardar shaidar kwanakin zamanka. Ka share ɗaki sosai ka ɗauki hotonsa domin a mayar maka da kuɗin jingina, ka cike rahoton ƙarshe na Erasmus+ tunda sauran kuɗin tallafi yakan rataya a kansa. Makon da ka dawo, ka haɗa takardar sakamako da yarjejeniyar karatu da wasiƙar amincewar sashe ka miƙa wa jami'in jarrabawa, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ka kuma ci gaba da bibiya har sai ka ga makin a cikin sakamakonka na zangon.